Birkin baya yana riƙe taya bayan an sauya wa mota kaya: daga ina ake fara bincike?

Tambayar da aka aiko daga Bukuru ita ce wannan: mai mota yana da Golf 3 wadda ta zo da birkin ganga a baya, aka cire shi aka sa mata na faifai da aka samo a kasuwar kayan mota ta Dilimi da ke Jos daga jikin wata Golf GTI, aka rage mata tsawo da gajerun sifirin, aka kuma sauya salansa. Tun daga lokacin, idan ya yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar sai motar ta yi nauyi, tayoyin baya su ɗauki zafi har a ji ƙauri, na hagu ya fi na dama, na gaba kuwa lafiya lau. An sauya fad, wato takalman da ke matse faifai, an sauya kalifa ɗaya, wato ƙarfen da ke danna fad a jikin faifai, babu abin da ya canja, yanzu kuma an ce masa ya sayi sabuwar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, ka dakata da sayen mastar tukuna, domin bayanin da ka bayar da kanka ya raunana zargin da ake yi mata. Layukan man birki na Golf 3 a giciye aka haɗa su: layi ɗaya yana ciyar da tayar gaba ta hagu tare da ta baya ta dama, ɗayan kuma yana ciyar da ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu. Idan masta ce take tare mai ta hana shi komawa kofinsa, ƙarfin da ya maƙale zai isa tayar gaba kamar yadda zai isa ta baya, ta gaban ma za ta fi shan wahala saboda fistin ɗinta ya fi faɗi. Tunda tayoyinka na gaba ba sa zafi, hankali ya fi karkata ga abubuwan da tayoyin baya biyu suka yi tarayya a kansu su kaɗai, wato birkin hannu, da bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya, da tiyoyin da ke kan aksil, da kuma yadda aka ɗaura kayan da aka sauya. Wannan bai wanke masta gaba ɗaya ba, amma ya mayar da ita ƙarshen layi, kuma akwai gwajin da zai tabbatar da laifinta ko ya wanke ta ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa irin wannan matsala take yawan biyo bayan sauya ganga da faifai. A cikin ganga akwai sifirin masu ƙarfi da ke janye takalman birki da zarar an ɗaga ƙafa, don haka ko da kebur ya ɗan yi tauri ko tiyo ya ɗan toshe, sifirin ɗin suna rinjayarsu, mai mota kuma ba ya jin komai. Kalifa ba ta da sifirin ko ɗaya na wannan aiki. Abin da ke mayar da fistin baya shi ne zoben roba mai kusurwa huɗu da ke zaune a cikin raminsa: idan fistin ya fito, zoben yana ɗan karkacewa, idan ƙarfin mai ya sauka sai ya miƙe ya jawo fistin baya da tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Ƙarfin wannan roba kaɗan ne ƙwarai, saboda haka duk wani abu, komai ƙanƙantarsa, da zai ja ko ya tura ta ɗaya ɓangaren, zai bar fad manne da faifai. Daga nan kuma abin yana ciyar da kansa, domin gogayya tana kawo zafi, zafi yana kumbura faifai da fad da mai, kumburin kuma yana ƙara gogayyar. Shi ya sa cewa matsalar tana tsananta idan an yi tafiya ba ya nuna mana kai tsaye cewa mai ne ya maƙale. Kebur da ya ɗan ja da sanyin safiya ma zai ba da wannan alama bayan kilomita biyar.

Akwai kuma bambancin da masu mota kan cakuɗa idan suna ba makanike labari. Riƙewa daban, kullewa daban. Riƙewa ita ce birki ya ƙi sakin taya bayan an ɗaga ƙafa, ita ce ke kawo zafi da ƙauri da shan mai. Kullewa kuwa ita ce tayoyin baya su tsaya cak su ja ƙasa tun na gaba ba su kama sosai ba, har bayan mota ya nemi juyowa. Abin da ka kwatanta riƙewa ce, amma motar da aka rage wa tsawo tana iya haɗa duka biyun, kuma zan dawo kan wannan idan na zo ga bawul.

Binciken da ke fitar da gaskiya ana yin sa ne alhali matsalar tana nan, wato motar tana da zafi. Sau da yawa mai mota yakan ajiye ta a gareji da yamma, a duba ta washegari bayan ta kwana cikin sanyin Jos, a juya taya a ga tana gudu sumul, a ce ai ba abin da ke damunta. Ku shirya jak da abin tokare da sifanoni tun kafin a fita, a yi tafiya a hanya mai shimfiɗa kamar babbar hanyar Bukuru har motar ta fara nauyi, sannan a dawo a ɗaga ta nan take. Kada a taɓa faifai da hannu, kuma kada a watsa masa ruwa, domin faifai mai zafi da aka kwara wa ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Idan akwai ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa, a auna faifan huɗu a rubuta, domin bambancin da ke tsakanin hagu da dama ya fi adadin kansa amfani.

Wurin da ake sa jak yana da muhimmanci a motar da aka taɓa tsawonta. Idan aka ɗaga ta jikin mota, aksil yana zubowa ƙasa, kebur da tiyo su koma wani yanayi dabam da wanda suke ciki a kan titi, sai matsalar ta ɓace ko kuma wata ta ƙarya ta bayyana. A ɗaga ta ƙarƙashin hannun aksil kusa da gindin shokazoba, yadda nauyin motar zai ci gaba da zama a kan sifirin kamar tana ƙasa. A sa giya, a tokare tayoyin gaba biyu da katako ko dutse tunda birkin hannu zai kasance a sake, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashi sai an sa abin tokare mai ƙarfi bayan jak.

Abu na farko da za a duba shi ne birkin hannu, saboda ba ya buƙatar a buɗe mai. A bayan kowace kalifa ta baya akwai ɗan hannun ƙarfe da kebur ke ja, kuma yana da wurin tsayawa da yake komawa ya jingina idan an saki birkin hannu. A leƙa a gani ko ya koma. Idan akwai tazara, bai kamata ta wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. A sa sukudireba a tura hannun zuwa wurin tsayawarsa, sannan a juya taya. Idan ta saku, an kama ɓarawo, saura a san ko kebur ne ko kalifa. A zare kan kebur daga hannun gaba ɗaya, a motsa hannun da filaya a sake shi: idan ya koma da kansa da ƙarfi, kalifa ba ta da laifi, kebur ne yake riƙe shi, idan kuma ya tsaya inda aka bar shi, sandar da ke shiga cikin kalifa ta yi tsatsa. Wannan na biyun sanannen ciwo ne na kalifofin baya na Golf 2 da Golf 3, domin ruwa yana shiga ta robar da ke rufe sandar, kuma kalifar da ta sha gishirin titunan Turai shekara da shekaru, ta zo ta kwanta a shago har damina biyu ko uku, ba abin mamaki ba ne ta zo da shi tun daga kanti. Don haka cewa an sauya kalifa ɗaya da wata ta hannu bai cire kalifa daga zargi ba.

Kebur ɗin kansa yana da hanyoyi uku na kawo matsala a mota irin taka. Na farko, kebur ɗin ganga da na faifai ba ɗaya ba ne a tsawo da kuma siffar kai, kuma na sha ganin an bar na ganga an yi masa dabara da noti ko walda don ya kama hannun kalifa. Irin wannan yakan zauna a ɗame ko da an kwance notin daidaitawa da ke gindin sandar birkin hannu har ƙarshe. Na biyu, idan aka rage tsawon mota, hanyar da kebur ke bi tana canjawa, yana iya lanƙwashewa sosai ko ya matse tsakanin aksil da jikin mota. Na uku shi ne salansa. Cikin kebur akwai rufin roba da wayar ke zamewa a ciki, kuma idan sabon bututun salansa ya matso kusa da shi, ko aka cire farantin da ke tare zafi aka ƙi mayarwa, robar tana laushi ta kama wayar. An taɓa kawo mini wata mota da aka sauya wa kalifa har sau biyu a gefe ɗaya, ashe bututun da mai walda ya lanƙwasa yana wucewa da tazarar yatsa biyu daga kebur. Da sanyi kebur ɗin yana tafiya lafiya, da zafi kuwa sai ya daskare wuri ɗaya. Ka bi kebur ɗin gefen da ya fi zafi da ido daga farko har ƙarshe, ka nemi inda baƙar rigarsa ta narke, ta yi ƙyalli, ko ta kumbura.

Idan an zare kebur biyu, hannayen sun koma wurinsu, amma taya tana nan a riƙe, sai a zo ga gwajin da ke raba matsalar gida biyu. A taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida, a ɗaga ƙafa, a tabbatar taya ta riƙe, sannan a sa ɗan siririn tiyo a kan nonon da ake fitar da iska a jikin kalifa, a kwance shi kamar rubu'in juyi. Idan mai ya yi tsartuwa da ƙarfi kuma taya ta saku nan take, to ƙarfin mai ne ya maƙale a layi, kalifar kuma lafiyarta ƙalau. Idan mai ya ɗiga kawai a hankali, taya kuma ta ci gaba da riƙewa, babu ruwan masta, babu ruwan tiyo, babu ruwan bawul. Ƙarfe ne yake kama ƙarfe a wurin tayar. Da an yi wannan gwaji na minti biyu tun farko, da an san ko kuɗin fad da kalifa da ka kashe suna da dalili.

Mu ɗauka mai ya yi tsartuwa. Sai a bi layin a koma gaba mataki-mataki, kuma kafin kowane mataki a sake taka birki don a dawo da riƙewar. Ƙa'idar ita ce, duk mahaɗar da aka kwance tsakanin toshewa da taya za ta saki taya, wadda aka kwance tsakanin toshewa da masta kuwa ba za ta sake ta ba, don haka laifin yana tsakanin mahaɗa ta ƙarshe da ta saki taya da ta farko da ta ƙi. A yi amfani da sifanar bututu mai tsaga, lamba 11 a yawancin mahaɗun wannan mota, domin sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan notin. A motar da ke da faifai a baya, kowane gefe yana da tiyon roba biyu: ɗaya daga jikin mota zuwa aksil, ɗaya kuma gajere daga hannun aksil zuwa kalifa. Tiyo yana iya yin kyau a waje alhali cikinsa ya saɓule ya zama kamar murfi mai buɗewa ta gefe ɗaya, ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce, amma ɗan ƙarfin robar fistin ba ya iya dawo da shi. Abin da ke jawo haka shi ne tsufa, da barin kalifa tana lilo a jikin tiyo lokacin aiki, da kuma ɗabi'ar matse tiyo da filaya mai kulle don kada mai ya zuba, wadda nake ganin ta lalata tiyoyi fiye da yadda shekaru suka lalata. A duba kuma ko an murɗe tiyon wajen ɗaurawa, domin layukan da ke jikinsa ya kamata su tafi a miƙe. Bututun ƙarfe ma ba a barinsa: a motar da aka sauke ƙasa, a titunan unguwanni masu duwatsu da tudun rage gudu, bututu yana iya bajewa a wuri ɗaya, ko kuma wani ya sa jak a kansa.

Yanzu ga bawul ɗin rabon nauyi, wanda a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi a duk aikin rage tsawo ko ƙara shi. A Golf 3 marar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, yana ɗaure a jikin mota kusa da aksil na baya, yana da hannu da sifirin da ke haɗa shi da aksil ɗin. Aikinsa shi ne ya auna yadda bayan mota ya zauna: idan an yi lodi baya ya sauka, sai ya bar ƙarin ƙarfi ya wuce zuwa tayoyin baya, idan motar babu kaya sai ya rage, don kada su kulle. Irin wannan dabara tana jikin Peugeot 504 da 505 da Hilux, duk wanda ya yi aiki a kansu ya san ta. Bawul ɗin ba ya ganin kaya, tazara kawai yake ji. Idan aka sa gajerun sifirin, a wurinsa motar kullum cike take da fasinja da buhuna, don haka yana sakin cikakken ƙarfi zuwa baya ko da direba ne shi kaɗai a ciki. Sakamakon wannan shi ne kullewa, ba riƙewa ba, kuma ita ce ta fi haɗari, musamman a kan jiƙaƙƙen titi. Mai Hilux da ya ɗaga motarsa sama kuwa akasin haka yake samu, birkin bayansa ya kusa daina aiki.

Sai dai bawul ɗin yana iya jawo riƙewa idan ya tsufa. Yana zaune a inda laka da ruwa ke dukansa, kuma fistin ɗin da ke cikinsa ya saba da motsi a ɗan taƙaitaccen wuri shekara da shekaru. Rage tsawo yana tura shi zuwa wurin da bai saba zuwa ba, inda datti da tsatsa suka taru, sai ya maƙale ya hana mai dawowa da sauri. A sa wani ya taka birki da ƙarfi ya saki da sauri, kai kuma kana kallon hannun bawul ɗin, ya kamata ka ga ya motsa. Idan ya tsaya kamar an yi masa walda, ya mutu. Tabbacin kuma shi ne gwajin sifana: mahaɗar fita ta saki taya, mahaɗar shiga ta ƙi. Ban yarda da cire shi a haɗa bututu kai tsaye ba, ko da yake na san ana yi kuma riƙewar tana tafiya, domin wanda ya yi haka ya sayi kullewa da kuɗinsa. A nemo wanda ya dace da mota mai faifai a baya, a ɗaura, sannan a daidaita sifirin ɗinsa da sabon tsawon motar tana tsaye a kan tayoyinta. Idan motarka mai ABS ce kuma babu wannan bawul, akwatin ABS shi ne yake shiga wannan matsayi a jerin gwajin, ana kwance mahaɗar fitarsa da ta shigarsa kamar yadda na bayyana.

Idan aka bi layi har aka iso jikin masta, aka kwance bututu a bakinta taya ta saku, sai a lokacin zargi ya hau kanta, kuma ko a nan ba a gaggauta saye. A cikin masta akwai ɗan ƙaramin rami da ke buɗewa zuwa kofin mai idan fistin ya koma ƙarshe, ta nan ne mai mai zafi yake samun hanyar komawa. Duk abin da ya hana fistin komawa ƙarshe zai toshe wannan hanya. A sassauta notin nan biyu da ke riƙe masta a jikin busta, wato tulun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfin taka birki, a jawo ta gaba kamar milimita biyu ko uku. Idan taya ta saku, mastar lafiya take, sandar da ke turo ta ce ta yi tsawo, abin da kan faru idan an haɗa masta ta wata mota da busta ta wata. A taɓa feda da hannu kuma, ya kamata ta yi ɗan wasa kafin ta fara tura komai; makunnin fitilar birki da aka tura ciki da yawa, ko kafet mai kauri, suna iya hana ta dawowa. A buɗe kofin a duba robar murfinsa: idan ta kumbura ta yi laushi, an zuba man da ba na birki ba, ko na sitiyari ko na giya, kuma wannan yana kumbura kowace roba a layin, sai an sauya su duka an wanke bututai. Ga masu tsofaffin motoci da ke karanta wannan amsa, wasu mastocin da aka ƙera domin ganga suna da bawul a bakinsu da ke riƙe ƙarfi kimanin fam 10 a kan kowane inci murabba'i don robobin ganga su zauna daram. Wannan ƙarfi ba ya motsa sifirin ɗin ganga, amma ya isa ya manne fad da faifai, don haka dole a cire shi idan an koma faifai.

Mu koma ɗaya reshen, inda aka buɗe nono taya ta ƙi sakuwa. A fara da cire taya a sake juya faifan, domin rim ɗin da ba na motar ba yana iya gogar bayan kalifa, ko dogon noti ya zarce ya taɓa abin da ke bayan faifai. Sannan a kwance kalifa daga mazauninta. Sandunan nan biyu da take zamewa a kansu ya kamata su shiga su fita da yatsu biyu. Idan sun ƙafe, fad na waje ba zai saki faifai ba, kuma alamarsa ita ce fad ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa. Giris ɗin boris na yau da kullum yana kumbura robobinsu, a nemi wanda aka yi domin birki. Fad ɗin ma ya kamata ya zame a mazauninsa da hannu. Wanda sai da guduma ya shiga ba zai fita da ƙarfin zoben roba ba, kuma maganinsa a kankare tsatsar mazaunin har ƙarfe ya fito, in ta kama a ɗan goge fentin kunnuwan fad.

Fistin ɗin kalifar baya ta wannan mota ba a tura shi kai tsaye kamar na gaba. A cikinsa akwai zare mai daidaita birkin hannu, don haka murɗa shi ake yi ta hannun dama ana dannawa a lokaci guda. Wanda ya sa ƙarfe ya danne shi da ƙarfin tsiya ya lalata zaren, kuma kalifar ba za ta ƙara sakin fad daidai ba. Akwai kuma kuskuren jeri da ake yawan yi bayan sauya fad, wato a ɗaure kebur a ja birkin hannu tun ba a taka feda ba. Daidai shi ne a mayar da fistin ƙarshe, a ɗaura komai kebur yana sake, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, daga baya a daidaita kebur. Tunda kayanka haɗe-haɗe ne, a duba ko faifan yana tsakiyar mazaunin kalifa, tazarar ciki da ta waje su zo ɗaya. Faifan baya na wannan mota faɗinsa milimita 226 ne, kaurinsa 10 yana sabo, kuma sandar da yake juyawa a kanta ba irin ta ganga ba ce. Idan aka ga layi mai ƙyalli a jikin mazaunin ko fad ya ci a karkace, wani abu bai zauna a miƙe ba, ko datti ne a bayan sandar, ko washa da aka cusa don a cike gurbi. Nonon fitar da iska kuma ya kasance a sama a kowane gefe, in yana ƙasa an musanya ta hagu da ta dama.

Boris ma yana shiga lissafi, domin a Golf 3 yana zaune ne a cikin faifan baya, kuma irin wanda ake daidaitawa da noti ne. Idan aka ɗaure shi tamau zai yi zafi ya yi nauyi kamar birki ya kama. Bambancewa ba wuya: a cire kalifa gaba ɗaya a juya faifai, idan har yanzu yana da nauyi, ba birki ba ne. Notin ana ɗaure shi ne har ya zauna, a sassauta, a bar shi inda washar da ke bayansa za ta iya motsawa idan an tura ta da bakin sukudireba ba tare da an yi banƙara ba.

Bisa abin da ka rubuta, Malam, inda na fi sa rai a samu laifin shi ne kebur ɗin birkin hannu ko hannayen kalifa, bayansu bawul ɗin rabon nauyi, sannan tiyo. Dalilina shi ne tayoyi biyu sun kamu tare, a layukan mai biyu dabam, nan da nan bayan aikin da ya taɓa kebur da tsawo da salansa a lokaci guda. Kada kuma ka yi mamaki idan aka samu laifi biyu, ɗaya mai riƙe tayoyin duka kaɗan-kaɗan, ɗaya mai ƙara wa ta hagu, don haka idan an gyara abu na farko a sake fita a zafafa motar a auna, kada a tsaya a kan cewa taya tana juyawa a gareji.

Zafin da birkin ya riga ya sha ya bar ɓarna da ya kamata a biya kafin a rufe aiki. Fad ɗin da fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi a sauya shi, faifan da ya yi shuɗi a auna ko ya lanƙwashe, boris kuma a wanke a duba a sa sabon giris, tunda na ciki ya narke. Man birki a zubar da shi duka a sa sabon DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Sabo yana jure zafi har digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa tun daga wajen 155, kuma man da ya tafasa yana barin feda ta nutse har ƙasa babu birki. Wajen fitar da iska a bar nauyin motar a kan aksil ko a danne hannun bawul zuwa yanayin lodi, in ba haka ba mai ba zai wuce baya sosai ba. Notin taya a ɗaure su da ma'auni a kan 110 Nm, wato adadin ƙarfin ɗauri, ba da tsalle a kan sifana ba.

Gwaji na ƙarshe a yi shi a fili mai tsakuwa inda babu mutane, da gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba, wani yana tsaye daga gefe yana kallon tayoyi. A taka birki da ƙarfi: dole tayoyin gaba su riga na baya kullewa. Idan na baya suka riga, a koma kan daidaita bawul. Har sai motar ta ci wannan gwaji, ta kuma yi tafiyar rabin awa faifan baya biyu suna da ɗumi iri ɗaya, kada ka bi doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ita.